Kafin Ka Yarda A Yi Mata Fomatin

"Sai an yi mata fomatin." Babu amsar da ta fi wannan saurin fita daga bakin mai gyara idan an kai masa kwamfuta, a garin Gaya ne, a Wudil ne, ko a cikin Kano. Ta yi nauyi, fomatin. Hoto yana rawa, fomatin. Windows ta ƙi karɓar sabuntawa, fomatin. Ku kuma ƙannena na Balan da ƙauyukan da ke kewaye, da yake kun riga kun biya kuɗin mota kun kashe yini guda, ba ku son ku koma gida da matsalar da kuka zo da ita, sai ku ce a yi. A goge komai, a ɗora wata, a karɓi kuɗin aiki. Bayan 'yan makonni saƙon nan ya sake fitowa a allo kamar ba a taɓa ta ba, ga shi takardun makaranta da hotunan biki duk sun tafi.

Saƙon da nake nufi shi ne wanda yake fitowa da Turanci, yana cewa wannan kwamfuta ba za ta iya hawa sabuwar Windows ba tukuna saboda direban na'urar nuna hoto bai dace ba. Da yawanku kuna ganinsa ku rufe, ba ku karanta har ƙarshe ba. Alhali layukan nan biyu ko uku sun fi duk shawarar bakin shago amfani, domin a cikinsu ake gane ko matsalar ta rabin awa ce, wadda ba ta cin komai sai data, ko kuwa ta shekarun kwamfutar ce, wadda fomatin goma ba za su kawar ba.

Mun san irin kwamfutocin da ke hannun matasanmu. Gwanjo ne mafi yawa: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Sun yi wa ofisoshin Turai da Amurka aiki na wasu shekaru, aka sallame su, aka sauke su a Legas, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, suka iso Titin Beirut a Kano. Ba raina su nake yi ba, kaya ne masu ƙarko, wasu ma sun fi sababbin masu araha jure wahala. Wani rago ya sayar ya saya. Wata mahaifinta ne ya haɗa kuɗin gyaɗa ya saya mata da ta samu gurbi a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ko Jami'ar Tarayya ta Dutse. Wani kuma atisayen JAMB yake yi da ita, tunda daga 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Abin da aka saya da irin wannan gumi bai kamata a riƙa miƙa shi a goge ba tare da an fahimci ciwonsa ba.

A cikin kowace kwamfuta akwai ɓangaren da aikinsa shi ne zana duk abin da ido yake gani a allo. A yawancin na tafi-da-gidanka, kamfanin Intel ne ya haɗa shi a cikin firosesa. Wasu kuma suna da na biyu na daban, na Nvidia ko AMD. Windows ba ta magana da wannan ɓangare kai tsaye. Akwai ƙaramar manhaja a tsakaninsu, ita ake kira direba, kuma wanda ya ƙera na'urar shi yake rubuta ta. Wanda ya taɓa zuwa karar Wudil ranar Juma'a ya ga irin wannan: falke ya zo daga kudu, mai shanu ya fito daga ruga, ba sa jin yaren juna, sai da wani a tsakani ciniki yake faɗawa. Idan aka samu sabon falke mai wani yare da na tsakanin bai iya ba, ciniki ya tsaya cak, alhali saniya lafiyarta ƙalau, kuɗi kuma suna aljihu. Windows takan sauya yadda take magana. Tsarin da take bi wajen hoto, mai suna WDDM, ya fara ne da Windows Vista, sannan aka kai shi mataki na 2.0 da fitowar Windows 10 a 2015. Direban da aka rubuta tun kafin sauyi, ba a sake waiwayarsa ba, shi ne yake kawo cikas.

To me ya sa Microsoft yake tsayar da kwamfutar, bai bar ta ta gwada sa'arta ba? Saboda ya ga abin da ya faru da irinta. Duk lokacin da sabon zubin Windows ya fita, rahotannin kwamfutocin da suka faɗi suna komawa kamfanin. Idan aka lura masu wani direba su ne suke yawan faɗuwa, sai a riƙe duk masu irinsa har a samu gyara. A watan Mayun 2020, da aka fitar da zubin Windows 10 mai lamba 2004, an riƙe kwamfutocin da direbansu na Nvidia bai kai lamba 358.00 ba, domin suna faɗawa shuɗin allon nan na kuskure a lokacin hawa ko bayansa. A ƙarshen 2018 ma an riƙe masu wasu direbobin hoto guda biyu na Intel daga hawa zubi na 1809, saboda sauti yana ɗaukewa idan aka jona kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI. Idan ka lura, riƙewar nan gata aka yi maka. Wanda ya ɗauko filash ya tilasta wa kwamfutar ta tsallake, ya jefa ta ne cikin ramin da aka hango masa. Fomatin ɗin ma ba ya magance komai, tunda mai gyara daga tsohon faifansa ko tsohuwar filash ɗinsa zai sake ɗora direban da ya tara tun shekarun baya.

Akwai kuma laifin da yake namu na gida. Data tana da tsada, ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Saboda haka masu gyara da yawa suna kashe sabuntawa gaba ɗaya kafin su miƙa maka kwamfutar, don kada ta shanye maka data ka dawo kana ƙorafi. Wasunku kuma da kanku kuke gaya wa Windows cewa intanet ɗin wayarku a ƙididdige yake, ita kuma sai ta janye hannu daga sauke abubuwa da yawa, har da direbobi. Ba na ganin laifin mai tattali. Amma kwamfutar da ta shekara uku ba ta sha afdet ba, ranar da aka buɗe mata ƙofa dole ta yi tuntuɓe.

Ga abin da nake so ka yi, ƙanena, kafin ka tsayar da mai babur. Ɗauki hoton saƙon da wayarka, duka, har da ƙananan rubutun ƙasa. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka shiga shafin Display. A nan za ka ga sunan na'urar hotonka, lambar direbanta, ranar da aka rubuta shi, da matakin WDDM ɗin da yake kai. Idan sunan da ka gani Microsoft Basic Display Adapter ne, to ba ka da direban gaskiya ma sam, na wucin gadi ne Windows ta ba ka don kada allo ya yi duhu. Shi ya sa haske ba ya raguwa ko ƙaruwa, bidiyo yana tsalle, batir yana saurin ƙarewa. Mutane da yawa sun canza batir a kan wannan. Ka sake danna Windows da R ka rubuta winver, ka san zubin da kake kai. Duk wannan bai kai minti biyar ba, kuma ba ya cin data.

Wurin nema na farko shi ne cikin Windows Update ɗin kanta, a sashen sabuntawa na ganin dama, inda akan ajiye direbobi a jira ka zaɓa. Idan babu, sai shafin wanda ya ƙera kwamfutar, ba shafin Intel ba tukuna. Juya ta ka duba ƙarƙashinta. Dell tana da lamba mai haruffa da alƙaluma bakwai da ake kira Service Tag, HP da Lenovo suna da lambar siriyal. Da ita za ka shiga shafin tallafinsu su jero maka abin da aka rubuta domin wannan samfurin takamaimai. Dalilin farawa da su shi ne sukan yi wa direban Intel kwaskwarima don ya dace da maɓallan haskensu da yadda suka tsara batir. Shekaru da dama ma direban Intel na gama-gari ƙin hawa yake a kan irin waɗannan kwamfutoci, ya ce ba a tantance shi dominsu ba, sai a 2020 Intel ya sassauta wa firosesa na zamani na 6 zuwa sama. Idan kuwa taka mai na'urar hoto biyu ce, Intel da Nvidia ko Intel da AMD, to nan ne bin shafin maƙerin ya fi zama dole, domin sauyawa tsakanin biyun ya dogara da yadda shi ya haɗa su. A fara ɗora na Intel, a kashe a kunna, sannan a ɗora na biyun.

Abin da nake roƙonku da girman Allah ku guje masa shi ne manhajojin nan masu alƙawarin sabunta duk direbobinka da dannawa ɗaya. Za su nuna maka jan rubutu cewa abubuwa ashirin da wani abu sun tsufa, don gabanka ya faɗi. Wasu kuɗi za su nema, wasu talla za su cika maka, wasu kuma su shigo da abin da ya fi talla muni. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, inda yake da iko da komai. Ba wurin da za a bar baƙon da ba a san asalinsa ba ya shiga ba ne.

Kafin ka taɓa komai, kwafe takardunka zuwa filash ko ka tura wa kanka ta imel. Kada ka ce ai afdet ne kawai. A watan Oktoban 2018 Microsoft da kansa ya janye wani zubi 'yan kwanaki bayan fitarsa, saboda ya goge wa wasu mutane fayilolinsu. Sannan a yi maganar wuta. Hawa sabuwar Windows yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye a kan tsohuwar kwamfuta, mu kuwa mun san halin wutarmu, mun kuma san batirin gwanjo. Kada ka fara sai a wurin da ke da sola ko janareto da ka tabbata ba za a kashe ba. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, saboda haka ya fi sauƙi mutum ɗaya ya sauke a inda sabis yake da ƙarfi, a raba a filash. Idan an hau kuma allo ya fara wasa, akwai kwana 10 da Windows take bayarwa a koma tsohuwar ba tare da asarar fayiloli ba. Direban ma ana mayar da shi na baya ta cikin Device Manager. Idan allo ya daskare ko ya yi baƙi, haɗa maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B, za ka ji ƙara kaɗan, direban hoto ya sake tashi. Ƙaramar dabara ce amma ta hana mutane da yawa tafiya Kano.

Duk wannan idan akwai sabon direban ke nan. Maganar ta fi ɗaci idan ka je shafin maƙeri ka tarar na ƙarshe tun shekaru goma da suka wuce ne. Ɗauki EliteBook 8460p, ko Latitude E6420, ko ThinkPad T420. Duk 'yan 2011 ne, da yawansu har yau suna kunnuwa garau, kibod ɗinsu ma ya fi na yanzu daɗin bugu. Na'urar hoton da ke cikinsu Intel HD Graphics 3000 ce, kuma Intel bai taɓa fitar mata da direban Windows 10 a hukumance ba. Lallaɓawa aka yi da tsohon. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, tana neman na'urar hoto mai DirectX 12 da direba mai matakin WDDM 2.0, ita kuwa HD 3000 a DirectX 10.1 ta tsaya. Babu injiniyan da zai ƙara mata abin da ba a ƙera ta da shi ba. Ban da hoto, Windows 11 tana neman ram gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da firosesan Intel na zamani na 8 ko sama, sai 'yan ƙalilan da aka keɓe. Ko waɗanda suka fi waɗancan ƙuruciya ma, a watan Yulin 2022 Intel ya mayar da direbobin hoto na zamani na 6 zuwa na 10 sahun tsofaffi, ya ce gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai za a riƙa yi musu.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna a ranku. Ranar da ka sayi kwamfuta, ba ƙarfe da roba kaɗai ka saya ba, ka sayi ragowar shekarun da wasu mutane a wata ƙasa za su ci gaba da rubuta mata manhaja. Jikinta yana iya sheƙi, ba ƙwarzane ko ɗaya, amma waɗancan shekarun sun ƙare. Dillali zai nuna maka jikin. Shekarun kai ne za ka lissafa.

Lissafin ba shi da wuya. A kasuwa abin da ake kira da ƙarfi shi ne "Core i7 ce!" Matasa kuma sun haddace cewa 7 ta fi 5. Amma abin dubawa shi ne lambar da ke biye da ita bayan ɗan karan tsakiya. Idan ka ga i7-2620M, alƙalamin farko 2 ne, zamani na 2 ke nan, 2011. Idan i5-6300U ce, zamani na 6. Idan i5-8250U ce, zamani na 8, kuma wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba, sannan tana hawa Windows 11 ta ƙofar gaba. Daga zamani na 10 alƙaluma biyu na farko ake karantawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Kada ma ka dogara da sunan samfuri. EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 an san su da zamani na 8, amma akwai waɗanda suka fito da na 7 a ciki, jiki iri ɗaya sak. Sitikar da ke manne kusa da kibod kuwa kowa yana iya mannawa. Buɗe Settings, ka shiga System, ka gangara About, ka karanta da idonka. Masu firosesan AMD lissafinsu ya ɗan bambanta, saboda haka a gwada su da PC Health Check, manhajar Microsoft ce ta kyauta da take faɗin sharaɗin da aka cika da wanda ba a cika ba.

Wani lokaci ma idan ta ce babu TPM, akwai shi, a kashe yake a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Wasu kwamfutocin ofis na HP da Dell sun zo da TPM 1.2 wanda maƙeran suka fitar da hanyar ɗaga shi zuwa 2.0. Wata kuma mai gyaran farko ne ya ɗora mata Windows a tsohon tsari maimakon sabon tsarin UEFI, sai ta riƙa ƙorafin Secure Boot. Waɗannan duk masu gyaruwa ne. Matambayi ba ya ɓata.

Za ku ce to mene ne na damuwa, tunda Windows 10 tana aiki? Tana aiki, kuma za ta ci gaba da kunnuwa. Abin da ya faru ranar 14 ga Oktoban 2025 shi ne Microsoft ya daina toshe mata ɓarakar tsaro kyauta ga kowa. Ya sanar da ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoban 2026, ga wanda yake kan zubin ƙarshe na 22H2 kuma ya yi rajista, ko da dala 30 ko ta hanyar haɗa saitinsa da asusun Microsoft. Ka ga a nan ma wanda tsohon direba ya riƙe a wani zubi na baya bai ko isa bakin layin ba. Haɗarin rashin toshe ɓaraka kuwa duniya ta gani a watan Mayun 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya. Abin takaicin shi ne tun watan Maris na shekarar an fitar da maganin, ba a sha ba ne. Kai ba asibiti ba ne, na sani. Amma idan a kwamfutar nan kake shiga banki, kake cike fom ɗin mutane da lambobin NIN da BVN ɗinsu, kake ajiye hotunan fasfo ɗin 'yan matan unguwa da suka zo rajistar jarrabawa, to amanar jama'a ce a ciki. Idan kuwa buga takardar gayyata da karatun littattafai kawai ake yi da ita, ba ta shiga intanet, ka bar ta yadda take, ta yi ta aiki har ta gaji. Ba kowace tsohuwar kwamfuta ce take bukatar a tayar mata da hankali ba.

Sai ku yi hattara da kasuwa a wannan tsakani. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kimanin kwamfutoci miliyan 240 ne ƙarshen Windows 10 zai iya mayarwa bola. A nawa tunanin, ba bola duka za su tafi ba, kwantena wasu za su shiga, kuma mun san inda kwantena take nufa. Za ku ga 'yan zamani na 6 da na 7 tsaf-tsaf a farashi mai jan rai, kuma da Windows 11 a kansu tana walƙiya. Ganin ta a allo ba hujja ba ce. Akwai manhaja mai suna Rufus, halattacciya ce kuma ta kyauta, da take haɗa filash mai tsallake binciken TPM da sauran sharuɗɗa. Microsoft ya faɗa a fili cewa kwamfutar da aka shigar ta haka ba ta da tabbacin samun sabuntawa. A aikace takan samu na wata-wata, amma babban zubi na shekara ba ya zuwa da kansa, sai an sake bi ta bayan gida. Zubin 24H2 ma ya ƙi tashi sam a kan firosesa masu tsufa sosai, irin su Core 2 Duo, ko da an tsallake binciken.

Ban ce tsallakewar haramun ce ba. Wanda yake da 'yar zamani na 6 ko na 7 a hannu, ya san abin da yake yi, ya kwafe takardunsa, ya yarda zai riƙa kula da ita da kansa, yana iya yi, kuma sau da yawa tana tafiya lafiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa yarinyar da za ta shiga aji ɗaya a jami'a irin wannan da kuɗin mai cika sharaɗi, ba a gaya mata ba. Ki tambaya kai tsaye, ƙanwata: "Alhaji, zamani na nawa ce? Windows ɗin da kanta ta hau ko tsallakawa aka yi?" Dillalin kirki zai faɗa miki, ya kuma rage kuɗi. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ki amsa. A tsaye a shagon ki buɗe Device Manager ki ga ko akwai alamar ruwan ɗorawa a kan wata na'ura, ki gwada ragewa da ƙara haske, ki sa a shiga BIOS a gabanki don ki tabbata kamfanin da ya yi amfani da ita bai bar mata kalmar sirri ba.

Akwai wata hanya da ba a cika zancenta a wajenmu ba, wato Linux. Tun 1991 ake gina ta, kyauta ce, kuma direbobin hoton Intel da AMD a cikinta suke zuwa, jama'a da kamfanonin suna kula da su tare. Shi ya sa T420 ɗin da Windows 11 ta ƙi, Linux Mint ko Ubuntu suna karɓarta, haske yana aiki, bidiyo yana tafiya, sabuntawar tsaro tana zuwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ana iya gwada ta daga filash ba tare da an goge komai ba. Ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Wudil, wannan ma riba ce, domin mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet take zaune a kansu Linux suke amfani da ita. Amma kada in yi muku daɗin baki. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD ba a yi su domin Linux ba, wasu manhajojin atisayen jarrabawa ma haka, tsofaffin katunan Nvidia kuma sukan ba da wahala. Mai shagon zane da buga fosta ya auna da kyau. Mai rubutu da bincike da kallon darasi ba abin da zai rasa.

Ragowar maganata ga waɗanda suka fara koyon gyara ce, don na san akwai su a cikinku, wasu a Gaya, wasu suna zaman shago a Kano suna dawowa gida da sallah. Fomatin ita ce aikin da ya fi sauƙi kuma ya fi saurin kawo kuɗi, shi ya sa hannu yake saurin kai wa gare ta. Amma a ƙaramin gari kowa ya san kowa, wanda ka goge wa aikin digirinsa ɗan ƙanwar maƙwabcinku ne. Ka tambayi mai kaya abin da ke ciki kafin ka taɓa. Kada ka buɗe hotunan mutane. Idan kwamfutar ba za ta hau ba, ka ce "Yaya, wannan iyakarta ke nan," ka nuna masa lambar firosesan, ka faɗa masa zaɓin da yake da shi, ko da hakan na nufin yau ba ka samu komai a wajensa ba. Kada kuma ka shigar da asusunka na Microsoft a kwamfutar wani don ka yi sauri. Sabuwar Windows 11 takan kulle ma'ajiya da BitLocker da kanta ta ajiye mabuɗin a asusun da aka shiga da shi, ranar da ta nemi mabuɗin nan mai alƙaluma 48 kuwa, mai kaya yana Balan, mabuɗi yana wayarka a Kano. Ka buɗe masa nasa, ka sa ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya adana.

Samfuran da ke yawo a yankinmu ba su da yawa, iri ɗaya ne ake ta maimaitawa. Idan ka samu sabis mai ƙarfi, ka sauke direbobin kowane samfuri daga shafin maƙerinsa, ka ware musu jaka a filash da sunan samfurin da ranar da ka sauke, ka riƙa leƙawa bayan 'yan watanni ko an fitar da sabo. Duk wanda ya zo da EliteBook 840 G3 daga Kademi ko Ajingi, ka ɗora masa nasa a gabansa, ka kashe ka kunna, sannan ku sake gwada Windows Update tare.